Mu Lallaɓa Zuwa Gari

Kada wata ta ga na ɗauko zancen mota da taya ta ce to ita kuma wannan me ya kai ta tasha, ba ga zancen zaman aure da tarbiyya nan ba. Ki yi haƙuri ki biyo ni, ai mu ne a bayan motar.

Motar da nake nufi ita ce a-kori-kura, wadda babu wadda ba ta san ta ba a cikinmu. Ita ke kwaso buhunan masara da gero daga kasuwannin ƙauye ta kawo Dawanau, ita ke ɗauko kwandunan tumatir zuwa 'Yankaba, ranar Juma'a kuma ki gan ta a hanyar Wudil, awaki da masu awakin duk a cakuɗe. Ita ce dai ke kai kayan ɗakin amarya, gado da katifa da kabad da kwalla, 'yan jere su ɗare a kan kayan suna guɗa. Tun da kamfanin Peugeot, wanda muke ce wa Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 muka saba da 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, har gobe akwai tsofaffinsu suna fama a hanyoyin ƙauye, ga Hilux da 'yan uwanta sun zo sun same su.

To ana cikin tafiya sai taya ta yi faci, ko ƙusa ko tsinin ƙarfe ko bakin rami. Direba ya gangara gefe, yaron mota ya sauko da jak da sufana, a zaro safaya. Nan ne ake ganin abin da ake ɓoyewa, domin sau da yawa safayar ba sa'ar sauran tayoyin ba ce. Wata ta fi su ƙanƙanta, wata ta fi su tsayi, wata ma asalinta ta ƙaramar mota ce aka tsinto da araha aka jefa a baya don kada jami'an hanya su ce babu. A ɗaura ta haka nan, motar ta ɗan karkace kamar mai ɗingishi, direba ya kaɗe hannu ya ce, "Ku hau Hajiya, mu lallaɓa zuwa gari."

Tambayata ita ce, wannan direban ya yi laifi ko bai yi ba?

A wannan daren dai ni ban ga laifinsa ba. Magariba ta yi, ga mata da yara a dokar daji, ga yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan, wa zai ce a kwana a nan ana jiran taya mai lamba daidai? Duk wanda ya ce a tsaya bai taɓa tsayuwa a bakin daji da goyo a bayansa ba. Masu ƙera motoci su kansu sun yarda da lalura, shi ya sa ƙananan motoci da yawa suke zuwa da wata siririyar safaya wadda ba ta kai sauran ba, amma sai suka manna mata takarda a jiki cewa kada a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma a nufi wurin gyara. Wato sun ba da izini, sun kuma yanka masa iyaka. Direban kirki haka yake yi, ya rage gudu, in da hali ya rage kaya, ya guji taka birki da ƙarfi, yana shiga gari ya tsaya wurin mai faci.

Inda zancen yake shi ne washegari. Gari ya waye, ga mai faci a bakin tasha ya buɗe, ga masu sayar da taya, sai kamasho ya ƙwala kira an sami lodi. Direba ya dubi tayar nan ta jiya, ya dake ta da ƙafa, ya ce ai ta kawo mu lafiya, bari in yi sawu ɗaya tukuna. Sawu ɗaya ya zama biyu, kwana ya zama sati, har a manta cewa da sunan "zuwa gari" aka ɗaura ta. Alhali garin an zo shi, an wuce shi, an dawo an sake wucewa.

Bari in ɗan yi miki bayanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar, domin a nan ne abin ya fi ba ni tausayi. In kin duba gefen taya za ki ga an rubuta lamba, misali 195R14C. Lamba ta farko faɗin tayar ce da milimita, 14 ɗin girman ƙarfen da aka ɗora ta a kai ne da inci, harafin C kuwa yana nuna ta ɗaukar kaya ce, an ƙara mata ƙwari. Sai a ce dama tana da 195, hagu aka sa mata 185. A ido kusan ɗaya suke, bambancin tsayinsu wajen santimita ɗaya da rabi ne, faɗin ɗan yatsa ke nan. Amma duk juyi ɗaya da za su yi, babbar ta fi ƙaramar cin ƙasa da wajen santimita 5. Tunda kuwa tare za su isa, dole ƙaramar ta riƙa ƙara juyi don ta kamo. A kilomita ɗaya tana ƙara wajen juyi 12, a tafiyar kilomita 100 ta ƙara wajen 1,200. Haka kuma wajen kaya, mai 195 ɗin yawanci an yi ta ne ta ɗauki kilo 950, mai 185 kuwa kilo 850. Buhun masara guda ke nan tsakaninsu, kuma ba wanda ke sauke buhun nan don an canja taya. In safayar ta ƙaramar mota ce marar C, abin ya fi haka muni, sai ta yi ta ɗaukar zafi a ƙarƙashin lodin da ba nata ba har ranar da za ta fashe.

To wa ke shanye wannan bambancin juyin? In kin leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ta baya za ki ga wani dogon ƙarfe ya haɗa tayoyin biyu, a tsakiyarsa akwai wani ƙullutu kamar tulu, makanikai na kiran wurin da bak-aksil. A cikin tulun nan akwai wasu ƙananan haƙoran giya a cikin mai, aikinsu ɗaya ne. In mota ta zo kwana, tayar da ke waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, sai haƙoran nan su juya su ba kowace damar tafiya da saurinta, kada ɗaya ta ja ɗaya. Da an fita daga kwanar, hanya ta miƙe, sai su huta. Don kwana aka yi su. Amma in tayoyin ba sa'o'in juna ba ne, a wurinsu kullum motar a kwana take, ko da kuwa a miƙaƙƙen titi take tafiya. Ba hutu, suna juyawa daga safe har dare. In bambancin kaɗan ne kuma tafiyar gajera ce sukan jure ba komai, amma in ya yi yawa ko ya daɗe, ga lodi a kai, sai mai ya yi zafi, haƙora su fara cinyewa, motar ta fara wani kuka daga baya. A motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa, in aka saka mata giyar ƙafa huɗun a kan kwalta da tayoyi mabambanta, ɓarnar ta fi sauri. In kuma a gaba aka sa baƙuwar tayar, sitiyari ya riƙa ja gefe guda, birki ya ƙi kamawa daidai.

Abin lura shi ne direba yana zaune a gaba, rediyo na yi, bai jin komai. Wanda ke wahalar yana can ƙasa a rufe, ba ya magana sai ya kusa lalacewa. Ranar da ya yi magana kuwa, kuɗin gyaransa ya ninka kuɗin tayar da aka ƙi saye.

Mu da muka zauna a gaban malaman Islamiyya ai ba baƙon karatu ba ne wannan. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san babin taimama. Ba ruwa, ko kina da ciwon da ruwa zai ƙara, sai aka yi miki sauƙi ki bugi ƙasa ki yi salla, kuma sallarki ta yi, ba wanda zai ce ragaggiya ce. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya. In La'asar ta zo, taimamar Azahar ba ta yi miki, sai kin sake neman ruwa, in babu ki sake sabuwa. In kuma ruwa ya samu kafin ki ta da salla, to taimama ta tashi. Ni wannan hukuncin yana burge ni ƙwarai, domin ya san halin ɗan Adam. An ba ki sauƙi, amma an hana sauƙin ya kwanta ya yi barci a gidanki, kowane lokaci sai kin sake tambayar kanki, har yanzu lalurar tana nan kuwa? Direban da ya kwana uku da baƙuwar taya, ga mai faci yana kallonsa yana wucewa, mutum ne da ke ta salla da taimamar shekaranjiya a bakin rijiya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Za a ce Hajiya ke kina zaune a gida kina rubutu, kin san nawa taya take? Gaskiya ne. A da ana yin taya a ƙasar nan, Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Legas. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yi a 2008, aka koma dogaro da ta waje, farashinta na bin dala. Da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta faɗi, sai abin ya haɗe wa masu mota goma da ashirin. Shi ya sa kasuwar taya ta hannu, wadda ake ce wa 'yar Beljiyam, ta cika, wadda wani ya gama cin amfaninta a ƙasarsa mu kuma mu karɓa da godiya. Sannan yawancin direbobin nan motar ba tasu ba ce. Da yamma mai mota na jiran kuɗinsa cif, in direba ya ce a sayi taya sai a ce masa cuta yake so ya yi, in ya matsa a karɓe makulli a ba wani, shi kuma ga iyali. Don haka wani lokacin mai laifin ba ya cikin motar ma sam, yana gida a kan kujera yana ƙirga kuɗi.

Duk na yarda. Amma talauci yana iya hana ka sayen sabuwar taya, ba ya hana ka faɗin gaskiya. Bai hana ka rage gudu ba, bai hana ka rage buhu biyu ba, bai hana ka liƙe tayar da ta yi facin ka mayar da ita ba, wanda kuɗinsa bai kai na sabuwa ko kusa ba. A nan ne nake ganin haƙƙi ya shigo. Direba ya san abin da ke ƙarƙashinsa, ya auna ya zaɓa, in ya ga dama ya sayar da ransa wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma tsohuwar da ta hau da ƙullin kukarta da kuɓewarta za ta kasuwa fa, an tambaye ta? Ta biya kuɗin mota cikakke, ba a rage mata ko sisi ba don taya ɗaya gurguwa ce. Mai sayar da hatsi in ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa ya rufe da busasshe kowa ya san sunan abin da ya yi, algus. Ban ga bambancinsa da wanda ya karɓi kuɗin lafiyayyiyar mota ya ɗora mutane a kan marar lafiya ba, sai dai ma shi mai hatsin dukiya kawai ya taɓa.

In abu ya faru kuma sai a ce ƙaddara. Wallahi mun yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau, ba mai wuce kwanansa. Amma wanda ya yi mana umarni da tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Taya kuwa ba ta san babba ba. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a cikin babbar motar gwamnati, kuma binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki, motar ta ƙwace. In haka ta faru da motar minista, ina ga a-kori-kurar da mutane ke zaune a kan buhuna ƙafafu na reto a waje, ba ƙofa ba bel?

Yanzu bari mu shigo gida, don na san tun ɗazu wasunku sun riga ni isowa. Wata za ta ce ai na gane, auren tsoho da yarinya take nufi, ko auren 'yar boko da wanda bai yi ba, ko zaman kishiyoyi da ba a daidaita ba. A'a, ba can na nufa ba. Mutane ba tayoyi ba ne da za a ce sai lambarsu ta zo ɗaya, mun ga gidajen da miji da mata suka bambanta ta kowace fuska suna zaune lafiya, mun ga sa'o'in juna da ba su kai shekara ba. Abin da nake nufi shi ne kalmar nan, "mu lallaɓa", da yadda take shigowa gida da sallama ta ƙi fita.

"Ki zauna a ɗakin nan na gidanmu kafin in gama ginina." An haifi na fari a ɗakin, an yaye na uku, ginin yana nan a linta ciyawa ta fito a ciki. "Ara mini kuɗin adashinki in cika jari, ƙarshen wata zan mayar." "Ki ɗan dakata da makarantar nan sai kin haihu." "Ki riƙa yin cefanen da kuɗin ɗinkinki kafin al'amura su daidaita." Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifi ba ne ranar da aka faɗe shi. Aure ai dama ya gaji haka, yau gare ka gobe gare ta, matar da ba za ta iya rufa wa mijinta asiri a ranar tsanani ba ita ma ba ta cika ba. Wannan shi ne kwana, kuma don kwana aka yi haƙuri. Amma sai al'amura su daidaita, maigida ya canja waya, ya canja babur, wani ma ya fara zancen ƙaro aure, cefane kuwa har yanzu yana kan keken ɗinki. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a zalunce ta, kawai dai an ga motar tana tafiya ne. Ita ce haƙoran nan na cikin tulu, tana juyawa ba hutu a kan hanyar da ta riga ta miƙe. Ranar da ta fara ƙara, hawan jini ko yawan faɗa ko kuka ba dalili, sai a ce ta canja hali, da ba haka take ba.

Kada mu ɗora wa maza duka, mu ma muna riƙe sitiyari a wani wurin. Kin haihu, aka aiko miki da ƙanwarki ko 'yar ƙanin babanki daga ƙauye ta taya ki aiki kafin ki yi arba'in. Arba'in ta wuce, yaro ya yi zama, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, yarinya tana nan tana wanke-wanke da raino, zangon karatu uku ya wuce ta. In an yi magana ki ce ai tana jin daɗin zama da ni, ai ba ta taɓa cewa komai ba. Yo ina za ta ce? 'Yar shekara goma sha ɗaya ce, an ɗora mata lodin babbar mace, kuma ke ce a gaba kina jin rediyo.

Ban ce kowace ta tashi ta tayar da rigima a gidanta ba, kada a je a ce ni na zuga. Abin da na koya daga babin taimama shi ne tambaya, a sake ta lokaci bayan lokaci cikin ladabi. Duk abin da aka karɓa da sunan "kafin", a san kafin me, kuma yaushe. Maigida, ginin nan ina aka tsaya, me ya rage, nawa za mu riƙa ajiyewa? In lalurar tana nan a sake haƙuri da zuciya ɗaya, sabon haƙuri ba ragowar na bara ba. In ta wuce a sauke. Namijin kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, sau da yawa ma mantawa ya yi, don wanda abu bai dame shi ba shi ne mai mantuwa. Wanda kuwa ya harzuƙa don an tambaye shi yaushe, to dama can bai yi niyyar tsayawa wurin mai faci ba.

Akwai masu cewa tambayar ita kanta rashin kunya ce, mace ta gari shiru take yi. Ni dai na ga inda shirun ya kai wasu, an wayi gari tulun ya fashe gaba ɗaya, ana neman dattawan da za su yi sulhu a kan abin da zama ɗaya zai gyara shekara biyar da suka wuce.

Mu koma tasha. In za a kai kayan ɗakin 'yarki ko za ki kasuwar ƙauye, ba sai kin zama makanike ba kafin ki duba abin da za ki hau. Zagaya motar kafin a gama lodi, ki karanta lambar tayar dama da ta hagu, musamman na baya, ki ga ko sun zo ɗaya, ki ga ko zanensu ya suɗe. Akwai kuma wata lamba mai guda huɗu a gefen taya, biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, in kin ga 2315 to an yi ta ne a sati na 23 na shekarar 2015, ta tsufa ko da an goge ta tana ƙyalli. Sannan in kin hau kin tarar da taya a kwance a bayan motar, wadda mata ke rububin zama a kanta don ta fi buhu laushi, danna ta da ƙafarki. In kin ji ta lotsa ba iska, ita ce mai facin, safayar tana ƙasa tana aiki, motar kuma ba ta da wata. Ki tambayi yaron mota yaushe ta yi facin. Shi bai cika ɓoyewa ba, yana ɗaure igiya zai ce miki ai tun kafin Salla.